Mutum Huɗu Masu Irin Jinin Matata

Shugaban ƙungiyarmu ya sa an ɗebe jinin da zai ceci matata don a ɗauke shi hoto. Abin da ya yi mini ke nan, kuma ba zan shafa masa zuma ba. Na san ajali na Allah ne, an tuna mini har kunnena ya gaji. Amma kowane ajali da sanadinsa, kuma sanadin nawa yana nan cikin garin Zuru da babbar rigarsa da tabarau, ana gaishe shi a hanya.

Ni ɗan kabu-kabu ne, haya nake yi da babur. A aji biyu na sakandare karatuna ya tsaya, don haka wanda ya ga rubutun nan a karkace ya yi haƙuri, yadda ya zo mini haka na zuba shi.

Ƙungiyar tamu ta masu ba da jini ce kyauta. Da ƙafata aka kafa ta. Wata rana na ɗauko wani manomi daga wajen Danko zuwa asibiti, matarsa na kwance ana neman jini, na ga mutumin nan yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana roƙo, kowa yana kau da kai. Na miƙa hannuna aka ɗiba. Da na koma tasha na ba abokai labari, muka fara zama ƙarƙashin wani mangwaro bayan tashar. Akwai mai walda, akwai mahauci, akwai malamin firamare, da tsofaffin sojoji waɗanda ba a rasa su a kowace unguwa ta garin nan. Musulmi da Kirista, ba mai tambayar wani, tunda ledar jini ba a rubuta mata addini. Ba mu da ofis, ba mu da riga. Abin da muke da shi shi ne mai kira, kuma ni ne.

Aikin mai kira ba wuya gare shi ba, sai dai ƙafa yake ci. Idan asibiti suka ce ana neman jini iri kaza, ba na aika saƙo. Gidan mutum nake zuwa, in yi sallama, mu gaisa, in tambayi iyali, kana in faɗi abin da ya kawo ni. In ɗauke shi a babur. In kai shi ya ga marar lafiyar da idonsa, domin mutanenmu suna tsoron a sayar da jininsu ko a kai shi wani wurin da ba a faɗi. In zauna kusa da shi har leda ta cika. Mahaucin nan da ke kayar da bijimi shi kaɗai, in ya ga allura sai na riƙe masa kai ina ba shi labarin kokawa, in ba haka ba suma yake yi. Bayan an gama in mayar da mutum gida. Washegari kuma in koma ban gajiya da kwanon kunun gyaɗa. Matata ce ke dama shi, da kauri, ta ce wanda ya ba da jini ba a ba shi kunu mai ruwa. Shekara da shekaru ba ta taɓa cewa ta gaji ba.

Ba ni da littafi. A kaina nake riƙe da kowa: irin jininsa, da watan da ya bayar, da wanda matarsa ba ta so sai an lallashe ta tukuna. Mai gwajin jini na asibiti ya koya mini cewa wanda ya bayar sai ya huta wata uku kafin a sake taɓa shi. Shi ne kuma ya gaya mini akwai wani irin jini mai wuyar samu, O negatib suke ce masa. Kowa yana iya karɓarsa, amma mai shi ba ya karɓar na kowa sai irin nasa. Matata irinsa gare ta, tun cikinta na fari muka sani. A duk ƙungiyarmu mutum huɗu ne masu shi: mai walda, da wani tsohon soja mai gadin makaranta, da wani tela, sai wani dattijo manomi, Kirista, da ke zaune a wani ƙauye bayan dutse ta hanyar Ribah. Dokata a kan mutanen nan ɗaya ce. Ba na taɓa biyu a lokaci guda. In ɗaya ya bayar, uku suna nan cike. Nakan ce rumbunmu a jikin mutane yake, da ƙafa biyu yake yawo.

Sai shugaban nan ya yi ritaya daga Birnin Kebbi ya dawo gida. Mai digiri ne, ya iya magana, ya san ofisoshi. Mu muka zaɓe shi, kuma don kada in yi ƙarya, ni na fara ɗaga hannu. Na ce ga wanda zai kai mu inda ƙafata ba ta kaiwa. Ya yi mana rajista, ya kawo riguna masu tambari da wani ƙyalle mai faɗi da ake riƙewa a gaba in za a ɗauki hoto. Taro ya tashi daga gindin mangwaro ya koma zaure mai kujeru, rabin maganar da Turanci. Aka rubuta tsarin mulki. A cikinsa babu wani muƙami wai shi mai kira, kuma duk mai riƙe muƙami sai yana da takardar gama sakandare. Aka buɗe gurup a waya, aka ce nan za a riƙa sanarwa. Wanda ya yi fashin taro sau uku a jere a soke sunansa.

Na tashi na ce, "Ciyaman, to wa zai riƙa zuwa ban gajiya?"

Ya ce, "Malam, za mu riƙa sa godiya a gurup, kowa ya gani. In kiɗa ya sauya, rawa ma sauyawa take."

Na ce, "Kunu fa? Shi ma a gurup za a sha?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma maganar ta mutu a nan. Na koma kujerar baya na zauna da fushina. Dattijon bayan dutse kuwa ƙaramar waya gare shi mai tocila, kuma ƙauyensu sai an hau tudu ake samun sabis. Bai san an yi taro ba balle ya fasa. Aka soke shi.

Shekara biyu ana haka, mutane suna raguwa kamar ruwan randa mai tsaga. Sai shugaba ya ce ya gano maganin abin. Za a yi gagarumin biki, a gayyaci manya, kowane ɗan ƙungiya ya ba da jini a rana ɗaya, a jera ledoji a ɗauki hoto, kowa a ba shi takardar yabo. A lokacin cikin matata ya shiga wata takwas, ciki na bakwai, ga shekaru sun fara ja.

Na miƙe a taron na ce, "Ciyaman, a bar mini mutum biyu cikin masu jinin nan mai wuya. Kada a taɓa su. In aka ɗebe su rana ɗaya, wata uku garin nan ba mai shi."

Ya ce, "Jinin ai ba zubarwa za a yi ba. Firij za a sa."

Na ce, "Firij ba ya haifar jini. Abin da aka sa masa shi ke nan. Jikin mutum ne ke mayarwa."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Malam, a nan wa ya yi karatun kimiyya, ni ko kai?"

Na ce, "Kai ne. Amma matata ta kusa haihuwa, kuma irin jininta ne."

Ya ce, "To ka kwantar da hankalinka, za a ajiye mata nata. Ni na faɗa. Sakatare, abu na gaba."

Ranar bikin na tsaya a bakin ƙofa ina tare mutanena. Mai walda ya ce shugaba ya riga ya sa sunansa a sahun farko, kunya ba za ta bar shi ya janye ba. Tsohon soja ya ce shi umarni aka ba shi. Tela kuwa, na kama hannunsa na ce, "Don girman Allah ka ce zazzaɓi kake yi." Ya ce, "Haba, kowa zai karɓi takarda ban da ni?" Duka ukun aka ɗebe su. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Shugaba a tsakiya, ledoji a gabansa kamar mai sayar da manja.

Ba na ganin laifin asibiti. Ba a ajiye wa wani jini ana kallon wani yana mutuwa. Cikin kwanakin nan mota ta kife da 'yan kasuwa, aka kawo su jina-jina, kuma irin jinin nan shi ake fara ɗauka in ba lokacin gwaji, tunda kowa yana karɓarsa. Ledoji ukun nan suka tafi. Ban ma sani ba sai ranar da na zo nema.

Sati uku bayan biki, da damina, matata ta haihu da hantsi. Mace aka samu, lafiyayya. Ina waje ina amsa barka sai wata nas ta fito da sauri ta ce, "Kai ne mijinta? Jini ya ɓalle mata. Nemo jini, leda biyu, yanzu."

Na ruga wurin mai gwaji. Ya buɗe firij ya nuna mini da idona. Akwai jini, amma ba irin nata.

Na kira shugaba. Yana Birnin Kebbi wurin wani taro, ina jin ana tafi a bayansa. Na ce, "Ciyaman, jinin da ka ce za a ajiye babu shi. Matata na zubar da jini." Ya ce, "Subhanallahi. Bari in sa a gurup yanzun nan." Ya kashe.

Ya sa kuwa. Ina tsaye a baranda wayata tana ta ƙara. Allah ya ba ta lafiya. Allah ya tashi kafaɗunta. Amin. Amin. Wasu ko rubutun ba su yi ba, hoton hannu biyu a haɗe kawai suka turo. Addu'a ba abin rainawa ba ce, amma ba wanda ya ce ga ni nan tafe, domin ba wanda aka kira. In ka kira kowa, ba ka kira kowa ba. Kowane ɗayansu yana zaton wani ya riga ya tafi.

Na hau babur na nufi shagon mai walda. Bai ko kashe injin ba, ya haye bayana da tabarau ɗin aikinsa a goshi. Aka ɗiga jininsa aka gwada, mai gwaji ya girgiza kai ya ce bai dawo ba, in aka ɗiba za a kwantar da mutum biyu maimakon ɗaya. Na koma na ɗauko tsohon soja. Shi ma haka. Tsohon nan ya daki tebur ya ce, "Ku ɗiba, na ga abin da ya fi wanga a daji ban mutu ba!" Suka ƙi. Tela kuwa na tarar da shi kwance, zazzaɓin da na ce ya yi ƙaryarsa ya same shi da gaske. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya juya fuska bango. Aka gwada ƙanwata da maƙwabta biyu da suka biyo mu, ba wanda ya dace. Aka buga waya wasu asibitocin, babu.

Ana kiran azahar na leƙa ɗakin. An ɗaura mata ruwa a hannu biyu, leɓɓanta sun yi fari kamar ta ci alli. Ta buɗe ido ta ce, "Baban yara, ka ga yarinyar? Hancinka ne sak, Allah ya ba ta haƙuri."

Na ce, "Ki daina magana."

Ta ce, "Saura Baba na bayan dutse, ko?" Ita ma ta san su huɗun nan kamar yadda na san su, ai ita ke dama musu kunu.

Na ce, "Wayarsa ba ta shiga."

Ta ce, "To mi kake jira? Tahi da kanka."

Hanyar nan da rani ba ta kai awa ɗaya ba. Ranar an kwana ana ruwa. Inda laka ta kama taya in sauka in tura, inda ta sake ni in hau. Rafin da ke gaban ƙauyen ya kawo har cinya, na ɗaga babur da ƙarfin da ban san ina da shi ba, na haye, ya mutu, na yi ta bugawa ina kiran sunan Allah har ya tashi. Duk tafiyar nan lissafi ɗaya nake yi, yawan jinin da ke jikin mace da yawan wanda ya riga ya fita.

A gona na same shi, yana noman dawa, ya sunkuya. Na yi sallama. Ya ɗago ya dube ni tun daga kai har ƙafa, bai saki fartanya ba.

Ya ce, "A'a. Yau an tuna da mu?"

Na ce, "Baba, jini ake nema."

Ya ce, "Na sani. Ai ba a zuwa nan sai don shi. Da dai ana zuwa don gaisuwa ma." Ya ci gaba da nomansa yana magana. "Wancan karon da na bayar, bayan an sauke ka, da ƙafa na dawo gida, jiri na ɗibata. Ba wanda ya leƙo. Na ce to ko mantuwa ce. Na wanke rigata na tahi taronku, wani a bakin ƙofa ya duba takarda ya ce sunana ba ya ciki. Jinina yana cikin mutanen garinku, sunana ba ya cikin takardarku. Kai ma da nake cewa ɗana, shekara biyu ban ga tayar babur ɗinka ba."

Wannan maganar ta ƙarshe gaskiya ce, kuma ita ce ke hana ni barci har yau. An sauke ni daga muƙami, ba a yanke mini ƙafa ba. Fushi na yi na zauna, na ce su yi abinsu mu gani. Da ina zuwa, da na san yana nan, da na ɗauko shi ya kwana gidana tun cikin ya tsufa.

Na durƙusa cikin laka na kama ƙafarsa. Na ce, "Baba, duk abin da ka faɗa haka ne. Ka zage ni a hanya. Matata ce."

Ya tsaya cak. "Mai kunu?"

Na ce, "Ita."

Ya yar da fartanya a kunya. "Kai wane irin mutum ne? Shi ne ka tsaya kana saurarena? Tashi!"

Ko ƙafa bai wanke ba ya haye bayana. A rafi shi ya ɗauki gaban babur ni na ɗauki baya. A hanya yana ta dukan kafaɗata yana cewa in ƙara wuta, yana addu'a da yarensu, ni ina yi da nawa.

Mun iso bayan la'asar. Tun daga bakin ƙofar asibiti na hango ƙanwata zaune a kan dakali, jaririya a hannunta, mata sun kewaye ta. Mai walda da tsohon soja suna tsaye gefe, sun sunkuyar da kai. Ba wanda ya gaya mini komai, ba sai an faɗa ba.

Dattijon bai gane ba. Ya wuce ni da sauri ya shiga ɗakin gwaji yana naɗe hannun riga, laka har gwiwa, yana cewa, "Ga ni, ku ɗiba, ku ɗibi biyu." Mai gwaji ya riƙe hannun nasa ya sauke masa rigar a hankali. Sai tsohon ya zauna a ƙasa wurin, ya ɗora hannu a ka. An ce mini ko rabin awa ba a yi da rasuwarta ba.

Bai koma ƙauye ba. Ya zauna zaman makoki tare da mu a ƙofar gidana, a can gefen tabarma, in za mu yi salla ya matsa ya ba mu wuri.

Rana ta uku da hantsi sai ga motar shugaba. Ya fito da mutum goma sha wani abu, duk cikin rigar ƙungiya, biyu suna riƙe da ƙyallen nan mai faɗi, ga mai hoto a bayansu. Aka matsa masa, ya zauna a tsakiyar tabarma kusa da ni, har dattijon ya ƙara ja baya ya koma kan ƙasa. Aka yi addu'a aka shafa. Shugaba ya gyara murya ya ce a madadin ƙungiya yana miƙa ta'aziyya, kuma ya ga yadda 'yan ƙungiya suka nuna damuwa a gurup, abin ya burge shi. Ya ce haƙuri, kowa da ranarsa. Mai hoto ya ɗaga abinsa.

Yayana ya danna mini gwiwa, don ya san ni. Na ture hannunsa.

Na ce, "Ciyaman, ka ce wa wancan ya sauke abin nan. Hoto ɗaya ya ishe ni daga gare ka."

Mai hoto ya sauke.

Na ce, "Tambaya gare ni. Mutum nawa ne a ƙungiyarka masu irin jinin matata?"

Ya ce, "Malam, yanzu ba lokacin wannan ba ne."

"Nawa ne?"

Ya dubi sakatare, sakatare ya dubi ƙasa.

Na ce, "Huɗu ne. Uku ka tsiyaye su rana ɗaya, na roƙe ka a gaban mutanen nan ka bar mini biyu, ka tambaye ni wa ya yi kimiyya. Na huɗun ka soke sunansa don ba shi da babbar waya. Ka ce za a ajiye mata nata, kai ka faɗa. Ina yake? Na kira ka tana zubar da jini, ka tura ni gurup. Ni ma ina da nawa laifin, na yi fushi na daina zuwa inda ya kamata in je, wannan tsakanina da Allah ne, kuma zan ɗauke shi har kabari. Amma kai shekara biyu kana shugabancin mutanen da ba ka san ƙofar gidan ko ɗaya daga cikinsu ba. Yau ce rana ta farko da ka taka gidan ɗan ƙungiya, ita ma sai da aka yi gawa, kuma sai da aka nuna wa direbanka hanya. Gaisuwarka na karɓa, Allah ya ba da lada. Yanzu ka tashi daga wurin nan. Ka ga tsohon can da ke zaune a ƙasa, wanda sunansa ba ya cikin takardarka? Wurinsa ne ka zauna."